Kafin ka sayi sabuwar lasifika, bi waya

 Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci, na Salaga da Kpandai da Makango, na Yendi da Bimbilla, na Bawku da Pusiga da Zebilla. Muna gai da yaran mota, da kanikawa, da masu wayarin da ke zaune a bakin tasha suna jiran aiki. Sharhinmu na yau naku ne, domin a kan rediyon mota za mu yi magana, da lasifikokinsa, da wayoyin da ke haɗa su, da kuma kuɗin da ke salwanta wajen gyaransu ba gaira ba dalili.

Wani zai ce, ga tsadar mai, ga tsadar taya, ga lalacewar hanya, duk an bar su sai maganar lasifika? To, a tambayi direban da ya ɗauko lodin albasa daga Bawku zai sauke a Kumasi, ya kwana yana tuƙi. Rediyon nan shi ke hana shi gyangyaɗi. Ta nan yake jin inda gada ta karye, da farashin kaya a kasuwa, da sanarwar hukuma idan an sauya lokacin hana fita, da sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure, da tafsiri a watan azumi. Wanda ya yi layi a Makango yana jiran jirgin fito ya ƙetara da shi Yeji, shi ma ya san amfaninsa. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Wayar da ke sa rediyo ya riƙa tsartsatsi yau, ita ce ke iya tayar da gobara a mota gobe.

Abin sha'awa, rediyo a nan Ghana da waya ya fara. Ranar 31 ga Yuli 1935 Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Akra, kuma ba ta iska ake kama ta ba. Waya ake ja daga tasha zuwa gidan mutum, a rataya masa akwatin lasifika a bango. Daga wannan tasha Gidan Rediyon Ghana ya samo asali, wanda Hausa ke cikin harsunan da yake watsa shirye-shirye da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Masu kula da waɗancan akwatuna sun san cewa idan murya ta ɗauke, waya ake fara bi kafin a taɓa akwati. Mu a yau mun juya abin. Da zarar murya ta shaƙe sai a ce lasifika ta mutu, a ciro ta a yar, a sayo wata. Bayan mako biyu sabuwar ma ta yi shiru, a ce jabu ce aka sayar mana. Alhali sau da yawa ba a nan gizo yake saƙa ba.

Mu duba halin da waya take ciki a motocinmu. Yawancinsu sun gama ƙuruciyarsu a Amurka ko Turai ko Koriya kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Daga nan mota ta bi hannu biyu ko uku a kudu, ta sha gyara da kayan Abossey Okai na Akra ko na Suame Magazine na Kumasi, sannan ta iso arewa. Kowane mai ita ya sa rediyon da yake so, kowane mai gyara ya yanke ya ƙulla. Ta zo nan kuma ta tarar da gargadar hanyar birji da ke girgiza kowane kusa da kowane ƙulli. Ta tarar da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Ta tarar da zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Bawku, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Wannan zafi yana busar da robar jikin waya har ta tsage, yana narkar da danƙon salatif ya warware. Damina ta zo, ruwa ya bi gilashi ya sauka cikin ƙofa, tsatsa ta kama bakin waya. Wayar da ta sha wannan duka, ai ita ya kamata a fara tuhuma.

Matakin farko na bincike kyauta ne, kunne kawai yake buƙata. Kowace matsala da irin kukanta.

Idan rediyo ya mutu ɗungurungum, ko fitilarsa ba ta kamawa, a fara da fis. Fis ɗin rediyo biyu ne a yawancin motoci, ɗaya a akwatin fis na mota, ɗaya a bayan rediyon kansa, galibi mai amfiya 10. In suna lafiya, sai a koma kan wayoyi uku da ke ba rediyo rai. A rediyon da ake saya a kasuwa launinsu sananne ne. Rawaya tana ɗauko wuta kai tsaye daga batir, dare da rana. Ja tana samun wuta ne sai an murɗa makulli. Baƙa ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ta nan wuta ke komawa. Mai wayarin ya ɗora mita. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki kuma wajen 14. Tsakanin rawaya da ja, wadda ba ta kawo wannan ba, ita ce mai laifi.

Idan rediyo ya kama, lambobi na tafiya, amma babu murya ko a lasifika ɗaya, da wuya a ce lasifika huɗu sun mutu rana guda. Akasari wata wayar lasifika ce ta goge ta taɓa ƙarfe, rediyo ya rufe bakinsa don kare kansa daga ƙonewa. A cire wayoyin lasifika duka, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka haɗa murya ta ɗauke, a bi ta har ƙarshe. In motar tana da amfilifaya, a duba siririyar waya shuɗiya mai farin layi, ita ce ke tayar da shi idan an kunna rediyo. Wasu motocin Amurka suna zuwa da amfilifayar kamfani a ɓoye ƙarƙashin kujera ko a but. Mai gyaran da bai san da shi ba zai sa sabon rediyo ya wuni yana neman murya.

Idan ɓangare ɗaya ne ya yi shiru, malam direba, kai da kanka za ka iya farawa. A cikin saitin rediyo akwai wurin karkatar da murya hagu ko dama, gaba ko baya. Sau nawa yaro ya yi wasa da shi, uban ya tafi wajen gyara? In saiti daidai yake, sai a yi musanya. A ciro lasifikar da ta yi shiru a ɗora ta a wayar wadda ke aiki. In ta yi magana, lafiyarta ƙalau, waya ce ko rediyo. In ta ƙi, to lallai ita ce. Mita ma tana faɗa. Lasifikar mota mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4 a mita. In mita ba ta motsa ba sam, koyil ɗinta ya yanke.

Sai babbar matsalar hanyoyinmu, wato muryar da ke zuwa tana ɗaukewa. A kan kwalta lafiya lau, da an sauka kan gargada sai ta fara tsinkewa. Ku je tashar mota ta Yendi ko ta Salaga da hantsi, za ku ji irin wannan ciniki. Direba ya tsaya ya ce, "Masta, lasifikar ƙofata ta mutu, sa mini sabuwa, sauri nake." Masta mai tsoron Allah ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, kunna rediyon tukuna, ka buɗe ƙofar a hankali." Ana buɗe ƙofa murya ta dawo, ana rufewa ta ɗauke. Masta ya durƙusa, ya kama baƙar robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ya zame ta baya da yatsa. Ga wayoyi biyar ko shida a ciki, sun yi jawur da ƙura. Ya ja su ɗaya-ɗaya. Sauran suka tsaya ƙyam, ɗaya ta miƙe kamar za ta biyo hannunsa, domin robarta ce kawai ta rage, jan ƙarfen ciki ya karye tuni. Ƙofar direban haya ana buɗe ta ana rufewa ba adadi a yini, kowane buɗi kuwa lanƙwasa ne ga wannan waya. Gyaranta ɗan guntun waya ne da dalma. Da an biye wa Alhaji, da ya biya kuɗin lasifika ya tafi da ciwonsa.

Ba kullum lasifika ke da gaskiya ba, ita ma tana mutuwa. Alamarta ita ce kurman sauti ko ƙarar "zzz" da ke ƙaruwa idan ganga ta buga. A cire murfin ƙofa a duba. Bakin takardarta, wanda aka yi da soso ko roba, yakan ruɓe da zafi ya yage. In bai yage ba, a ɗora yatsu a kewayen tsakiyarta a danna a hankali. Mai lafiya tana shiga ta fito sumul. Wadda koyil ɗinta ya ƙone ko yashi ya shige ta, za a ji tana gurzawa. Amma kafin a yanke mata hukunci a tabbata ba murfin ƙofa ba ne ya saki, ko kusa, ko kwabon da ya faɗa ciki. Maganaɗisun lasifika yana jawo duk wani guntun ƙarfe da ke kusa, shi kuma ya zauna a kan takarda yana rawa.

Akwai wani kuka siriri, kamar fito, wanda ke hawa idan an taka totur, ya sauka idan an ɗaga ƙafa. Wannan lasifika ba ruwanta, kukan altaneta ne ya samu hanyar shiga rediyo. Hanyar kuwa galibi baƙar wayar nan ce. An ɗaure ta a kan fenti, ko a kan tsatsa, ko a wani ƙarfen da bai haɗu da jikin mota sosai ba. A kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da kusa mai ƙarfi, wayar kuma kada ta yi tsawo. In akwai amfilifaya, wayar da ke kai masa wuta ta bi gefe ɗaya na mota, wadda ke kai masa sauti ta bi ɗaya gefen. A zamanin nan kuma akwai sabon mai laifi, wato cajar wayar salula mai araha da ake sokawa a gaban mota. Zare ta ka saurara. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa.

Wani kuma ya sa sababbin lasifikoki masu tsada, amma sauti ya fito ba nauyi, ganga ba ta da amo. Nan juya waya aka yi. Kowace lasifika tana da waya biyu masu launi ɗaya, ɗaya da baƙin layi a jikinta. Fara ta gaba ce ta hagu, ruwan toka ta gaba ta dama, koriya ta baya ta hagu, shunayya ta baya ta dama. Mai baƙin layi tana zuwa bakin da aka yi wa alamar ragi, marar layi tana zuwa na tarawa. In aka juya na lasifika ɗaya, lokacin da 'yar'uwarta ke turo iska ita tana janyewa, kamar mutum biyu su zo tura mota, ɗaya ya tsaya a baya ɗaya a gaba, kowa na nishi mota na nan inda take. Gwajinsa batirin tocila mai bolt 1.5. A taɓa wayoyin lasifika da shi na ɗan lokaci kaɗan. In takarda ta turo waje, wayar da ke taɓa bakin batirin mai alamar tarawa ita ce ta tarawa. Da wannan dabara kuma ake gane wace waya ce ke zuwa wace ƙofa idan launuka sun rikice.

Sai rediyo mai mantuwa. Ka jera tashoshinka, ka gyara agogo, ka kashe mota ka shiga masallaci, ka fito komai ya goge. An musanya ja da rawaya ke nan. Wannan ya fi faruwa a motoci irin su Opel da Volkswagen, domin a wasu daga cikinsu kamfani ya sauya wa waɗannan wayoyi biyu gurbi a soket. Gyaran shi ne a musanya su. Amma malalacin mai gyara sai ya murɗe su wuri ɗaya ya kai batir. Mantuwa ta warke, sai dai rediyo ya daina barci, yana tsotsar batir ko an cire makulli. Mota ta kwana biyu a ajiye, da asuba a fito neman masu turi, a zagi mai sayar da batir.

Akwai kuma abin da ba lalacewa ba ne ko kaɗan. Rediyon da aka ƙera don Amurka yana tsayawa ne a lambobin da suka ƙare da mara, irin su 91.1, 91.3, 91.5. Tashar da lambarta ta ƙare da cika, yana tsallake ta, ko ya kamo ta da shashshaka. Tsohon rediyon Japan kuwa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Irin wannan ko an canza lasifika goma ba zai kamo ba. Wasu ana iya sauya musu yanki a cikin saiti, na Japan ana sa musu ɗan akwatin da ke faɗaɗa zango a wayar eriya, in ba haka ba sai a canza rediyon.

Jama'a masu sauraro, yanzu bari mu zo kan abin da muke jawo wa kanmu da hannunmu. Na farko shi ne ɗora wa rediyo kayan da ya fi ƙarfinsa. Mai bas yana son fasinjan kujerar ƙarshe ya ji, sai a jera lasifika biyu ko uku a waya ɗaya. An ƙera rediyon mota ne don lasifika mai om 4 a kowace hanya. In ka haɗa biyu kai da kai sun koma om 2, wutar da suke ja ta ninka, rediyo ya yi zafi har abin da ke ƙara masa murya ya ƙone. Wani kuma don tsimin waya sai ya ja guda ɗaya zuwa lasifika, ɗayar ya ɗaure a jikin mota. Tsofaffin rediyo na da can sun yarda da haka. Na yanzu ba su yarda ba, kashe su yake yi.

Kada kuma rubutun kwali ya ruɗe ku. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, ƙarfin da yake iya riƙewa da tsabta bai fi wajen wat 20 a kowace lasifika ba. Lambobin dubbai da ake bugawa a jikin amfilifaya mai araha kuwa, talla ce. Idan ka murɗa murya har ta fara fashewa, rediyo ya ƙure ke nan, abin da yake aika wa lasifika a lokacin gurɓataccen sauti ne mai dafa koyil. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage.

Masu manyan motoci, irin DAF da MAN da ke jigilar doya daga Salaga da Bimbilla ko dabbobi daga Bawku, ku tuna motarku bolt 24 take amfani da shi, rediyon kasuwa kuwa 12. Dabarar da aka saba ita ce a ja waya daga batir ɗaya cikin biyun. Rediyo zai yi aiki, amma batir ɗaya na shan wahala, ɗaya na cika fiye da kima, kafin a ankara duka biyun sun lalace. Akwai na'urar da ke rage 24 zuwa 12, kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Matasa masu keke mai ƙafa uku da ke ɗaura akwatin kiɗa a baya, ku ma injinku ba ya samar da wutar da za ta ciyar da babban amfilifaya. Abin da kiɗa ya ci, fitilar gaba ce ke biya da dare.

Mun zo kan maganar da ta fi kowace muhimmanci a sharhin nan, wato fis. An yi fis ne don ya ƙone. In wuta ta wuce ƙima shi zai mutu, waya ta tsira. Fis ɗin da ya ƙone sau biyu a jere yana gaya maka akwai waya tsirara da ke taɓa ƙarfe a wani wuri. Me muke yi? Sai a sa mai amfiya 30 a gurbin mai 10, ko a naɗe shi da takardar azurfar kwalin taba, ko a soka guntun waya. Daga ranar, wayar motar ce ta zama fis. Za ta yi zafi a bayan allon gaba inda ido ba ya gani, roba ta narke, soso da kafet su kama. Mafi haɗari ita ce katuwar wayar da ake ja daga batir zuwa amfilifaya a but. Dole a sa mata fis a kusa da batir, kada ya wuce kamu biyu daga kansa, kuma inda ta huda ƙarfe ta shiga cikin mota a sa mata zoben roba. Batirin mota yana iya sakin amfiya ɗaruruwa a lokaci guda, in wannan waya ta goge babu fis, jan wuta take zama nan take. Duk wanda ya ji ƙaurin roba a mota ya tsaya, ya sauke fasinja, ya kashe inji, ya cire kan batir. In wuta ta riga ta kama, lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112.

Gargaɗi ɗaya ga yara masu koyon aiki. Rawayar wayar rediyo daban, wayoyi da soket masu rawayar riga da ke ƙarƙashin sitiyari da kujeru daban. Waɗannan na jakar iska ne mai fashewa lokacin haɗari. Kada a soka musu fitilar gwaji ko batirin tocila. Kuma kafin a fara yanke-yanke, a cire baƙin kan batir.

Ita kanta wayar da ake saya, a duba ta. Kasuwa ta cika da mai kama da jan ƙarfe, alhali alminiyam ce aka shafa wa ja a sama. Kankare ta da wuƙa, in cikinta fari ne ka gane ta. Wutar da take ɗauka ba ta kai ta jan ƙarfe ba, ga saurin karyewa. Araha ba ta ado. Haɗin waya kuma, murɗawa da yatsa a naɗe da salatif ba ya kai bazara biyu a ƙasar nan. A liƙe da dalma, ko a matse da maɗaurin ƙarfe, a sa rigar roba mai tsukewa da zafi, a ɗaure wayoyin wuri ɗaya kada su yi lilo. Soket ɗin kamfani kuma a daina datse shi. Akwai mahaɗin da ake saya a soka, rediyo ya hau ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba.

To, laifin wa? Da sauƙi a ɗora wa masu gyara, amma mu masu mota muna da kaso babba. Mun saba biyan kuɗin kaya, ba mu saba biyan kuɗin bincike ba. Masta ya ɓata awa guda yana bin waya, ya gano inda ta karye, ya liƙe. Sai mai mota ya ce, "Haba Masta, me ka sa a ciki? Ɗan wannan?" Ya miƙa masa abin da bai kai kuɗin koko da ƙosai ba. Wanda kuwa ya ciro lafiyayyar lasifika ya sa sabuwa, an biya shi da murna har da godiya. Da wannan hali muke koya wa masu sana'a cewa gaskiya ba ta ciyar da gida. Awar nan da ya yi yana bincike ita ce aikin, shekarun da ya yi a gaban ubangidansa yana koyo su kake biya.

Masu wayarin, ku ma da naku. Mita ba ta fi ƙarfin kowane shago ba, a daina gwada wuta da goga waya a ƙarfe ana kallon tartsatsi, motocin yanzu cike suke da kwamfuta, tartsatsi ɗaya na iya jawo asarar da ta fi kuɗin rediyo sau da yawa. Ku koya wa yaranku karanta mita da launin waya tun shekarar farko. Ku nuna wa mai mota abin da ya lalace da idonsa, ku mayar masa da tsohon kayansa. Shugabannin tasha na ƙungiyar direbobi ta GPRTU da na ƙungiyoyin gareji a Salaga da Yendi da Bawku, kuna iya sa duba fis da wayoyi cikin abin da ake dubawa kafin mota ta yi lodi, kamar yadda ake duba taya da birki.

Kalma ta ƙarshe ga direba. In rediyonka ya gyaru, ka tuna ba kai kaɗai ne a motar ba. Akwai tsoho, akwai mai jinya da za a kai asibitin Tamale, akwai jariri a bayan uwarsa. Ƙarar da ke hana ka jin odar na bayanka ko jiniyar motar asibiti ta wuce kima, kuma kunnen da ƙara ta kashe ba a sayar da irinsa a Suame. Ka sa murya daidai yadda za ka ji maganar yaron motarka ba sai ya yi ihu ba. In ta fara tsinkewa, duba saiti, duba fis, sa a bi maka waya, sannan a zo kan lasifika. Wanda ya gano maka ciwon kuma ka biya shi hakkinsa da daɗin rai.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.